Doha: Birnin da ke sayen ruwan sha da tsada, kuma yake tsoron ruwan sama

Duk lokacin da na buga waya gida Kano a cikin watan Agusta, tambayar farko da mahaifiyata kan yi mini bayan gaisuwa ita ce, "Ku ma an yi muku ruwa?" Ni kuwa sai in yi dariya in ce mata, "Inna, ai mu nan damina ba ta san hanyarmu ba." Gaskiya na faɗa mata, domin a daidai lokacin da manoma ke maimai a gida, mu a Doha zafi muke sha irin wanda ya sa hukuma ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har zuwa 15 ga Satumba. To sai dai akwai abin da na daɗe ban faɗa mata ba don kada hankalinta ya tashi, wato ambaliya ta farko da ta taɓa shiga ɗakin da nake kwana, a nan cikin hamada ta same ni.

Ranar Asabar ce, 20 ga Oktoba, 2018, ina da 'yan watanni da zuwa ƙasar Katar bayan na gama sakandare. Muna zaune mu shida a ɗaki ɗaya, a hawa na ƙasa, a unguwar masana'antu da ake kira Sana'iyya. Hadari ya haɗu da rana tsaka, gari ya yi duhu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da farko murna muka yi, har wasunmu suka fita tsakar gida suna ɗaukar hoto don aika wa 'yan uwa. Kafin la'asar ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya jiƙa katifu da jakunkuna, muka koma ɗaga fasfo da takardu sama muna neman inda za mu rataye su. A ranar, ma'aunin ruwan sama na unguwar Abu Hamur ya nuna milimita 84, alhali abin da Doha kan samu a shekara guda cur bai wuce milimita 77 ba. Hanyoyin ƙarƙashin gadoji suka cika, motoci suka nutse, aka rufe Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, aka karkatar da wasu jiragen sama zuwa ƙasashen maƙwabta.

Tun daga wannan rana nake bin diddigin maganar ruwa a wannan ƙasa. Abin da na fahimta shi ne, ƙarancin ruwa da ambaliya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma wanda ya yi tanadin ɗaya ya manta da ɗayan, bai gama aiki ba. Wannan magana ta shafe mu mazauna nan, ta kuma shafi gidajen da muke tura kuɗi ana gina mana a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram.

Ƙasar da ba ta da kogi

Ga mai karatu da bai san Katar ba, ƙaramar ƙasa ce da ruwan Tekun Fasha ya kewaye ta gefe uku, iyakarta ɗaya tak ta tudu da Saudiyya. Babu kogi ko guda a cikinta, babu tafki na ruwan daɗi. Ɗan ruwan saman da ake samu yakan zo ne tsakanin Oktoba da Afrilu, wata shekarar ma sai a yi ta zuba ido shiru. Kano kan samu ninkin wannan ruwa fiye da sau goma a damina ɗaya. A shekarar 2019, cibiyar nazarin albarkatun duniya ta WRI da ke Amurka ta fitar da jerin ƙasashe 17 da suka fi kowa matsin ruwa a duniya, kuma Katar ce ta zo ta ɗaya.

Kafin a fara fitar da man fetur a ƙarshen 1949, mutanen ƙasar 'yan tsiraru ne, masunta da masu nutso neman lu'ulu'u da makiyayan raƙuma. Da rijiyoyi suke rayuwa, da kuma ƙananan fadamu da suke kira rauda, inda ruwan sama kan taru ya nutse ƙasa. Har 'yan ga-ruwa sun yi, suna kiransu kandari, masu saɓa sanda a kafaɗa da garwa biyu suna bi gida-gida, kamar dai yadda muka taso muka gani a gida. Sunan unguwar Mushairib da ke tsakiyar Doha ma daga kalmar shan ruwa ya samo asali, kuma a bakin kwarin da ke bi ta wannan unguwa aka kafa shahararriyar kasuwar nan ta Suk Wakif. Ma'anar sunanta kasuwar tsaye, kuma dattawan gari kan ce an kira ta haka ne saboda idan ruwa ya kwararo a kwarin, 'yan kasuwa ba sa samun wurin zama sai dai su yi ciniki a tsaye. Ke nan mutanen da sun san inda ruwa ke bi, kuma sun bar masa hanyarsa.

Yau mutanen da ke zaune a ƙasar sun kai kimanin miliyan 3, mafi yawansu baƙi ne 'yan ci-rani irinmu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da kakanninsu suka dogara da shi ya koma hannun gonaki, kuma abin da ake zuƙa a shekara ya ninka abin da ruwan sama ke mayarwa kusan sau huɗu. Sakamakon haka rijiyoyi da yawa sun yi gishiri, domin idan ruwan daɗi ya ja baya, na teku ne ke kutsowa ya maye gurbinsa.

Teku ce rijiyarsu

A 1953 aka kafa injin farko na tace ruwan teku a Doha. Daga wannan ƙaramin inji aka kai ga manyan tashoshin Ras Abu Fontas da Ras Laffan da Ummul Haul, waɗanda a yanzu suke samar da kusan kashi 99 cikin 100 na ruwan da ke fitowa a famfon gidaje. Tashar Ummul Haul kaɗai, da ta fara aiki gadan-gadan a 2018, an gina ta ne don ta riƙa ba da galan miliyan 136 a kowace rana, daga baya kuma aka ƙara faɗaɗa ta. Hukumar wuta da ruwa ta ƙasa, wato Kahramaa, ita ke karɓar ruwan ta rarraba.

Hanya biyu ake bi wajen raba ruwa da gishiri. Ta farko ita ce a dafa ruwan teku da zafin da ke fita daga injinan wutar lantarki, a tare tururin ya huce ya koma ruwa. Ta biyu, wadda aka fi karkata gare ta yanzu saboda ba ta cin makamashi kamar ta farko, ita ce a matsa ruwan da ƙarfi ta cikin wani irin rariya mai ƙananan ƙofofi da gishiri ba ya iya wucewa. Kowace aka bi, iskar gas ake ƙonawa, don haka duk kofin ruwan da muka sha a nan, akwai hayaƙin da ya tashi sama dominsa, kuma irin wannan hayaƙi ne ke ɗumama duniya.

Akwai kuma maganar dusar aikin. Wani bincike da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a kan kowace lita ɗaya ta ruwan sha da aka tace, ana barin kimanin lita ɗaya da rabi ta ruwa mai kaurin gishiri, kuma ƙasashe huɗu, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwait da Katar, su ke da kashi 55 cikin 100 na wannan ruwa a duk duniya. A teku ake mayar da shi, tekun kuwa ba shi da zurfi, ƙofarsa ɗaya ce a mashigin Hormuz. Rijiyar da ake sha ita ake zuba wa gishiri.

Duk da wannan tsada, Katar na cikin ƙasashen da suka fi kowa kashe ruwa, domin an daɗe ana ƙiyasta cewa abin da ke tafiya a kan mutum ɗaya ya kai wajen lita 500 a rana, wato jarka 20 ta mai ga-ruwa mai cin lita 25. Dalili a fili yake. 'Yan ƙasa kyauta ake ba su ruwa, mu kuma da ke zaune a gidajen kamfani ba ma ganin takardar kuɗin ruwa da idonmu. Abin da mutum bai san kuɗinsa ba kuwa, da wuya ya san darajarsa. Wannan ta sa aka ƙaddamar da shirin tsimi da tanadi mai suna Tarshid a 2012, sannan a 2015 aka tsaurara doka ta yadda wanda aka kama yana wanke mota ko tsakar gida da tiyo da ruwan sha zai iya biyan tarar da ta kai riyal 20,000. Ruwan bayan gida da na wanka ma ba a barinsa ya tafi a banza, ana tace shi a shayar da itatuwan bakin titi da filayen shaƙatawa da gonakin ciyawar dabbobi.

Tanadin kwana bakwai

Babban abin da ya hana mahukuntan ƙasar barci shi ne, idan injinan nan suka tsaya fa? Shekarun baya, ruwan da ke ajiye a tankunan ƙasar bai wuce na kwana biyu ba. Malalar ɗanyen mai irin wadda aka yi lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1991 na iya tsayar da su. Haka nan jar gansakukar teku da ta tilasta rufe wasu injinan tace ruwa a Oman da Daular Larabawa tsakanin 2008 da 2009. A watan Maris na 2025, Firayim Ministan ƙasar, Sheikh Muhammad bin Abdurrahman Al Thani, ya bayyana a wata hira cewa sun taɓa yin lissafi suka gano idan aka kai wa tashar nukiliyar Iran da ke tsallaken teku hari, ruwan ya gurɓace, to cikin kwana uku ruwan shansu zai ƙare.

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 5 ga Yuni, 2017, Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar, aka rufe iyakarta ta tudu, ba a sasanta ba sai a Janairun 2021. A wancan lokaci an shigo da abinci ta jiragen sama, har shanun madara aka yi jigilarsu ta sama. Amma ruwan da zai ishi mutane miliyan 3 ba a ɗauko shi a jirgi.

A Disambar 2018 aka buɗe kashin farko na manyan rumbunan ruwa, guda 15 na kankare, a wurare biyar: Ummu Birka, Ummu Salal, Raudat Rashid, Abu Nakhla da Al Thumama. Kowanne yana cin kimanin galan miliyan 100, an haɗa su da bututu mai tsawon kusan kilomita 650, aikin kuma ya ci riyal biliyan 14.5. Manufar ita ce a samu ajiyar da za ta riƙe ƙasa har kwana bakwai. Mai karatu ya duba wannan da kyau: ɗaya daga cikin ƙasashe mafi arziki a duniya ta zuba wannan dukiya ne don ta sayi mako guda kacal.

Yadda hamada ke zama tafki

To me ya sa ƙasar da ke ƙishirwa haka take fama da ambaliya? Na farko, ƙasar shimfiɗaɗɗa ce kamar faifai, tudunta mafi tsawo mita 103 ne kawai, don haka ruwa ba ya samun gangaren da zai bi da sauri. Na biyu, birnin ya girma cikin gaggawa, an shafe kwaruruwa da fadamun da ruwa ke bi da kwalta da siminti. Na uku, an gina wurare da dama da tunanin cewa ai nan ba a ruwa. Na huɗu, a cikin Doha ruwan ƙasa ya taso kusa da doron ƙasa saboda yoyon bututu da ban-ruwan lambuna, ta yadda duk mai haƙa harsashin bene sai ya kwana yana zuƙe ruwa. Ƙasar da ta riga ta ƙoshi ba ta shan na sama.

Tun kafin abin da na gani a 2018 an yi irinsa. A ranar 25 ga Nuwamba, 2015, an yi ruwan kusan milimita 80 cikin 'yan sa'o'i, har rufin sabon filin jirgin sama na Hamad, wanda aka buɗe a 2014, ya yi yoyo. Firayim Ministan lokacin ya ba da umurnin bincike, aka kuma hana wasu 'yan kwangila barin ƙasar. A nan ne na ga bambanci da gida, inda gada kan karye a damina ta farko ba a tambayi kowa ba.

Masana yanayi sun ce duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana ƙara ɗaukar laima da kimanin kashi 7 cikin 100. Ma'ana, ruwan zai iya yin jinkiri, amma idan ya zo sai ya zubo gaba ɗaya. Maƙwabtanmu sun ɗanɗana a watan Afrilun 2024, lokacin da wani yanki na Daular Larabawa ya samu milimita 254 cikin ƙasa da sa'o'i 24, ruwan da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun 1949, filin jirgin Dubai ya koma kamar kogi, aka kuma rasa rayuka a can da Oman. Masu binciken da suka nazarci lamarin sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa irin wannan ruwa nauyi da kashi 10 zuwa 40 cikin 100. Ga kuma tekun da ke ƙara tasowa, alhali mafi yawan jama'ar Katar a bakinsa suke, wasu unguwannin ma cike teku aka yi aka gina su.

Hukumar ayyuka ta Ashghal ta haƙa wani ƙaton rami mai tsawon fiye da kilomita 9 a ƙarƙashin kudancin birnin, daga Abu Hamur, wanda ke tattara ruwan sama da na ƙasa zuwa tashar Musaimir. Daga can injina masu ƙarfin tura kusan lita 20,000 a daƙiƙa ɗaya ke cusa shi cikin wani ramin mai tsawon kilomita 10 a ƙarƙashin teku. Kafin lokacin ruwa kuma za ka ga ana yashe magudanai, an jibge motocin zuƙar ruwa a wuraren da aka san suna cika. A daidai wannan lokaci ne kuma Sarkin ƙasar kan fito tare da jama'a a yi sallar roƙon ruwa. Ana roƙo, ana kuma gyara inda zai bi idan an amsa.

Kira ga 'yan uwana mazauna nan

Idan ruwa ya yi ɓarna, talaka ne ke fara ji a jikinsa. Yawancin matasanmu direbobi ne, masu gadi, masu kai saƙo a babur da ma'aikatan gini. Wani ɗan uwanmu direba ya kutsa da motar kamfani cikin ruwan da ya taru a ƙarƙashin gada, yana ganin ai bai kai ya kawo ba, injin ya sha ruwa ya mutu. Wata da watanni ana yankar masa albashi, iyalinsa a gida suka shiga wani hali, sai da muka yi karo-karo. Shi ya sa a duk taron da muke yi idan Oktoba ta gabato nake maimaita abu huɗu. Kada kowa ya shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba, ko da mai kaya yana kira a waya. A sa fasfo da katin zama da takardar kwantiragi cikin leda a ajiye a sama. A nisanci wayoyin wuta idan ruwa ya shigo ɗaki. A kuma sanar da Ashghal ta lamba 188 idan an ga magudana ta toshe, ko Kahramaa ta 991 idan bututu ya fashe. Famfon masaukinmu da ke ɗiga dare da rana, mu ma muna da alhakinsa, ko da ba mu ke biya ba.

Darasin da za mu kai gida

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke faruwa da guminmu a gida. Wani abokina ya yi shekara huɗu yana gadi a nan, yana tsuke bakin aljihu, ya aika aka saya masa fili mai araha a bayan garin Kano aka yi gini. Ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Daminar 2022 ta zo, ruwa ya dawo gidansa na asali, katanga ta zube, ɗakuna biyu suka tsage. A wannan shekara ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. A cikin watan ne kuma tsohon masallacin Damagaram mai tarihi ya rushe saboda ruwa. A Mayun 2025 sai ga ta Mokwa a Jihar Neja, inda aka rasa rayuka fiye da 150.

Abin takaicin, garuruwan da ruwa ke ci a Agusta su ne ke layi a bakin rijiyar burtsatse a watan Afrilu. Kano na da madatsar Tiga tun zamanin Audu Bako, tana da ta Challawa, tana da matatar Tamburawa, amma unguwanni da yawa kurar mai ga-ruwa ce famfonsu. Katar ba ta da ruwa, sai ta ƙera shi ta adana. Mu kuwa kyauta yake sauko mana, mu bar shi ya rushe gidaje ya wuce, bayan wata shida mu saye shi a jarka.

Ba mu da kuɗin Katar, ba kuma lallai ne mu same shi ba. Arewa ba ta da teku balle a yi maganar tace shi. Amma abubuwan da suka fi amfani a cikin abin da na gani ba su da tsada haka. Gwamnatocin jihohi su fitar da taswirar hanyoyin ruwa da kududdufai, su hana yanka filaye a kansu, duk wanda ya sa hannu aka yanka kuma a tuhume shi. A riƙa duba lafiyar madatsun ruwa kafin damina, a yashe magudanai tun a watan Mayu. Ɗan kwangilar da aikinsa ya lalace a ruwan farko ya dawo ya gyara da kuɗinsa. Masu unguwanni da dagatai su daina shaida cinikin filin da suka san tafki ne.

Mu kuma matasa da ke ci-rani, kafin ka tura kuɗin fili, ka sa a tambayi dattawan wurin ina ruwa ke kwanciya, ka kuma sa wani amintacce ya je ya gani da idonsa a tsakiyar Agusta. Idan an zo rufi, a sa indararo da tanki, domin rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 zai iya tara wajen lita 80,000 a daminar da aka samu milimita 800. Wannan ya fi ƙarfin tanki ɗaya, amma ko kaɗan aka tare ya rage kuɗin jarka, ya kuma rage wanda zai kwarara gidan maƙwabci. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da muka ga na Larabawa da kuma namu, ba mu da uzurin cewa ba mu sani ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu da sharrin da ke cikinta.

Marubucin shugaban matasa ne a cikin al'ummar Hausawa mazauna Doha, ƙasar Katar.